Wanke kafireta da hanyar mai ta tarakta

Wanke kafireta da hanyar mai aiki ne na gyaran inji da ake yi wa tarakta mai amfani da fetur, idan gurɓataccen mai ko wanda ya daɗe a ajiye ya toshe hanyoyin da yake bi daga tanki zuwa cikin inji. Aikin ya ƙunshi juye man da ya lalace, da wanke tanki da makullin mai da ragogin tacewa da bututu, sannan a kwance kafireta a buɗe ƙananan ramukanta, a mayar da ita, a yi mata saiti. Ana farawa daga sama ne a gangaro ƙasa, domin kafireta ita ce zangon ƙarshe na mai kafin ya shiga inji. Mafi yawan dattin da ake tararwa a cikinta daga tanki ya taso. Idan aka wanke ta ita kaɗai aka bar tankin da dattinsa, takan sake toshewa bayan ɗan gajeren aiki.

Matsalar ta fi addabar injinan gona fiye da motocin hawa, saboda tarakta kan yi watanni a ajiye da mai a cikinta tsakanin wannan damina da waccan. Sau da yawa ba a gane mai ya lalace sai ranar da ake bukatar huɗa, lokacin da jinkirin mako guda zai iya sa manomi ya makara wajen shuka.

Taraktocin da matsalar ta shafa

Injin fetur yana aiki da kafireta. Injin dizal, wato man da a Najeriya aka fi sani da gas, yana aiki ne da famfo mai matsa mai da ƙarfi da kuma nozul da ke fesa shi cikin silinda, saboda haka gyaransa daban ne. Galibin manyan taraktocin da ake ƙerawa a yau na dizal ne.

A farkon zamanin tarakta kuwa fetur da kananzir ne suka fi yawa. A shekarar 1892 John Froelich ya haɗa tarakta mai injin fetur a jihar Iowa ta Amurka, kuma a 1917 aka fara ƙera Fordson da yawa. Kamfanin Ford ya fito da samfurin 9N a 1939, da 2N a 1942, sannan 8N daga 1947 zuwa 1952, wadda aka ƙera fiye da rabin miliyan. A Ingila an ƙera Ferguson TE20 a birnin Coventry daga 1946 zuwa 1956, ita ma fiye da rabin miliyan. Kamfanin International Harvester ya fito da Farmall H da Farmall M a 1939. Yawancin waɗannan taraktoci suna ɗauke da kafireta ƙirar Marvel-Schebler ko Zenith. Har yanzu da yawa daga cikinsu suna aiki a ƙananan gonaki na Amurka da Kanada da Birtaniya, inda ake tayar da su jefi-jefi don yankan ciyawa ko jan kaya. Wannan zaman banza shi ke ba mai damar lalacewa a cikinsu.

Rukuni na biyu shi ne ƙananan injina masu silinda ɗaya, irin su Honda GX160 da GX200 da masu kama da su, waɗanda ake ɗorawa a kan ƙaramar taraktar hannu mai ƙafa biyu. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar irin wannan inji ne a kan mafi yawan injinan ban ruwa na fadama da ƙananan janareto. Kafiretarsu ƙarama ce, amma ƙa'idar aikinta da hanyar wanke ta duk ɗaya ne da na tsohuwar tarakta.

Hanyar da mai yake bi

A tsofaffin taraktoci da yawa tanki yana sama da inji, don haka nauyin man ne kawai ke gangaro da shi, babu famfon da ke tura shi. Wannan tsari yana da sauƙin gyara, sai dai ƙarfin gudun man kaɗan ne, ɗan datti ma ya isa ya tsayar da shi. Man yana ratsa waɗannan wurare bi da bi:

- Tanki, wanda yake da ɗan ramin shaƙar iska a murfinsa ko a samansa. Idan iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ya fita ba, man zai daina sauka.
- Makullin mai, wanda ake buɗewa da rufewa da hannu a ƙarƙashin tanki.
- Kwalbar tara datti, wato ɗan kofin gilashi da ke rataye a jikin makullin, inda ruwa da tsatsa suke kwanciya a gan su da ido.
- Bututun ƙarfe ko tiyon roba da ke kai mai zuwa kafireta.
- Kafireta kanta.

A taraktocin Ford 9N da 2N da 8N akwai ragogin tace mai guda uku: ɗaya a cikin tanki a saman makullin, ɗaya a saman kwalbar gilashi, ɗaya kuma a cikin gwiwar bututun da ke shiga kafireta. Ta ukun ce aka fi mantawa da ita saboda ba a ganinta sai an kwance gwiwar. Makullin waɗannan taraktoci yana da matsayi biyu. Idan aka murɗa shi sau biyu, yana zuƙar mai daga ɗan sama da gindin tanki. Idan aka buɗe shi gaba ɗaya, yana zuƙo ragowar man da ke can ƙasa, inda ruwa da laka suke taruwa.

Yadda kafireta take aiki

Aikin kafireta shi ne gauraya fetur da iska daidai gwargwado. Don fetur ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya nasa yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. Idan man ya yi yawa inji yakan yi baƙin hayaƙi, idan ya yi kaɗan inji yakan rasa ƙarfi ya kuma yi zafi.

Mai yana fara shiga wani kofi da ke ƙasan kafireta. A cikin kofin akwai fulot, wato wani ɗan abu marar nauyi na tagulla ko roba da ke yawo a saman mai. Idan kofi ya cika, fulot yakan taso ya tura wata allura cikin mazauninta ta rufe ƙofar mai. Idan mai ya ragu, fulot ya sauka, allura ta buɗe. Ta haka man yake tsayawa a ma'auni ɗaya koyaushe.

Iskar da fistan yake zuƙa tana ratsa wata maƙura a tsakiyar kafireta. Idan iska ta shiga wuri mai ƙunci gudunta yakan ƙaru, matsinta kuma ya ragu. Ana danganta wannan da masanin Italiya Giovanni Battista Venturi, wanda ya yi bayaninsa a 1797. Raguwar matsin ce take tsotso mai daga kofi ta wani ɗan rami da aka auna faɗinsa, wanda makanikai ke kira jet, ya fito kamar feshi ya gauraya da iska. Akwai babban jet na lokacin aiki, akwai kuma ƙaramin jet na silo, wato lokacin da inji yake juyawa a hankali ba tare da an ba shi wuta ba. Faifan totur yana ƙayyade yawan cakudar da ke wucewa, kuma a tarakta gwamnan inji ne ke motsa shi don gudun inji ya tsaya daidai. Faifan cok yana rage iska don mai ya yi yawa lokacin tayar da inji mai sanyi.

Ramin jet na silo a ƙananan injina bai kai faɗin milimita ɗaya ba. Wannan ne ya sa ƙwayar yashi guda ko ɗan ɓurɓushin tsatsa ke iya kashe injin da yake lafiya lau ta kowace fuska.

Ire-iren gurɓataccen fetur

Tsohon mai. Fetur haɗin sinadarai ne masu yawa. Idan ya daɗe, masu saurin tashi a cikinsu, waɗanda su ne ke sa inji ya tashi da wuri, sukan bi iska. Sauran kuma sukan haɗu da iskar oksijin su zama wani danƙo mai launin ruwan ƙasa, wanda idan ya bushe yake manne wa ƙarfe kamar fenti. Zafi yana gaggauta wannan. Wasu masu ƙera ƙananan injina suna gargaɗin cewa mai na iya fara canjawa bayan kwana 30 a tanki. Ana gane shi da duhun launi da wari mai tsami irin na tsohon fenti.

Ruwa. Yana shiga ta murfin da bai rufu da kyau ba, ko ta jarka da duro, ko ta raɓar da ke taruwa a jikin tankin da ba a cika ba idan dare ya yi sanyi. Litar fetur ba ta wuce kimanin giram 750 ba, ta ruwa kuwa giram 1,000 ce, saboda haka ruwa yakan kwanta a ƙasa, daidai inda ake zuƙar mai. Shi ke haddasa tsatsa a tankin ƙarfe.

Etanol. A Amurka yawancin fetur yana ɗauke da etanol kashi 10 cikin 100, wanda ake kira E10, kuma Birtaniya ta mayar da shi fetur na yau da kullum a watan Satumba na 2021. Etanol yana jan danshi. Idan ruwan da ya sha ya kai wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, sai etanol da ruwan su rabu da fetur su kwanta a ƙasa. Wannan kwantaccen ruwa ba ya tayar da inji, yana kuma cin ƙarfe. Etanol yana narkar da tsohon danƙon da ya daɗe a jikin tanki ya gangaro da shi, yana kuma lalata tsohuwar roba da ba a yi ta dominsa ba.

Metanol. Ya fi etanol cin alminiyam da tutiya da roba. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai kula da sarrafawa da rarraba man fetur a Najeriya ta sanar da cewa an gano fetur mai ɗauke da metanol fiye da ƙima a kasuwa. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka yi dakonsa. Janye man daga kasuwa ya jawo dogayen layuka a gidajen mai na Legas da Abuja da wasu garuruwa.

Algus da kananzir ko gas. Waɗannan ba sa tashi da sauri kamar fetur. Sukan sa inji ya yi wuyar tashi, ya riƙa ƙwanƙwasa idan an ɗora masa nauyi, ya yi farin hayaƙi, fulogi kuma ya jiƙe ya yi baƙi.

Ƙura da yashi. Suna shiga ta mazurari ko jarka mai datti, musamman a lokacin hunturu da kuma idan ana zuba mai a tsakiyar gona.

Alamomi

Kowace alama tana nuna wurin da ya kamata a fara dubawa.

- Inji ya tashi, ya yi mintuna kaɗan ya mutu, bayan an ɗan jira ya sake tashi: mai yana zuwa amma bai isa ba. Yawanci raga ce ta toshe, ko ramin iska na tanki.
- Inji ba ya aiki sai an ja cok: babban jet ya toshe rabi, ko iska tana shiga ta wani gefen da bai kamata ba.
- Yana aiki idan an ba shi wuta amma ya mutu a silo: hanyar silo ce ta toshe.
- Gudunsa yana hawa yana sauka shi kaɗai: mai ya yi kaɗan, gwamna yana ta ƙoƙarin cike giɓin.
- Mai yana ɗiga daga kafireta, ga baƙin hayaƙi: datti ya hana allura rufewa, ko fulot ya huje ya sha mai.
- Yana tari yana yankewa idan tarakta ta hau gargada: ruwa ne yake motsi a gindin tanki ko kofi.

Bincike kafin a kwance komai

Matsalar wuta tana kama da matsalar mai ƙwarai, kuma akan kwance kafireta mai lafiya alhali kwayil ko kwantak ne ya lalace. Don haka akan fara tabbatar da cewa fulogi yana ba da wuta mai ƙarfi, shuɗiya, kuma matacin iska bai cushe ba.

Bayan haka sai a gwada man. Akan tsiyayi kaɗan a cikin kwalba mai haske a ajiye na ɗan lokaci. Ruwa zai kwanta a ƙasa da layi a fili tsakaninsa da fetur. Man da ya yi hazo-hazo yana ɗauke da danshi. Idan aka ɗiga fetur mai kyau a kan farar takarda yakan bushe bai bar tabo ba, wanda aka gauraya da kananzir ko gas kuwa yakan bar tabon maiƙo.

Gwaji na uku shi ne na gudun mai. A ƙasan kofin kafireta akwai notin tsiyaya. Akan kwance shi, a tara gwangwani, a buɗe makulli. Man da ke cikin kofi zai fara zubowa da ƙarfi, amma abin lura shi ne abin da zai biyo baya. Idan ya ci gaba da zuba ba yankewa, hanyar sama lafiya take. Idan ya koma ɗiga, toshewar tana tsakanin tanki da allura. Masu tsofaffin taraktocin Ford sun saba ɗaukar kimanin rabin lita cikin minti biyu a matsayin gudu mai kyau. Idan gudun ya ƙaru da zarar an buɗe murfin tanki, ramin iska ne ya toshe.

Kariya da kayan aiki

Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Tururin ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya yi nisa har ya tarar da wuta. Ana yin aikin a fili ko a wuri mai iska, nesa da murhu da taba da injin walda, bayan inji ya huce. A taraktoci da yawa batir yana dab da tanki, don haka akan fara cire wayarsa da ke haɗe da jikin tarakta. Ba a zuƙar fetur da baki, domin idan ya shiga huhu yana haddasa mummunan ciwo. Ana kare ido da tabarau lokacin feshi da busa iska. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, sai dai ya yaɗa ta, saboda haka akan ajiye yashi ko tukunyar kashe gobara a kusa. Ba a tayar da inji a rufaffen ɗaki saboda hayaƙinsa yana kisa.

Kayan da ake bukata su ne sufana, da sukundireba mai bakin da ya yi daidai da jet, da filaya, da ƙaramin buroshi, da man feshi na wanke kafireta, da iskar kwamfaresa irin ta masu faci, da faranti mai tsabta, da sababbin gasket, wato 'yan takardu ko robobin da ke hana yoyo tsakanin ƙarfe biyu.

Wanke tanki da bututu

Da farko akan juye dukan man cikin jarka, a leƙa cikin tanki da tocila mai batir. Idan datti kaɗan ne, ɗauraya da sabon fetur ta isa. Idan akwai tsatsa ko danƙo, sai a sauke tankin, a cire makullin, a zuba notuna ko guntun sarƙa tare da ruwan wanki, a girgiza sosai har ɓawon tsatsa ya saki. Akan ƙirga notunan kafin a zuba don kada a bar ko ɗaya a ciki. Tsatsa mai kauri akan jiƙa ta da ruwan binega ko sinadarin cire tsatsa, a ɗauraye, sannan a busar da tankin sarai nan take, domin ƙarfen da aka kankare yana saurin sake yin tsatsa. Ba a kai tankin fetur wurin walda kai tsaye ko da babu mai a ciki. Tururin da ya rage ya fi man kansa haɗarin fashewa.

Daga nan sai a kwance kwalbar gilashi a wanke, a wanke ragogi da buroshi, a canja wadda ta yage. Gasket ɗin kwalba yakan bushe, kuma idan aka mayar da tsohon yakan yi yoyo. Bututun ƙarfe akan fesa masa man wanki a busa shi da iska, bayan an raba shi da kafireta. Tiyon robar da ya tsage, ko ya kumbura, ko ya yi tauri, canja shi ake yi, domin yakan ruɓe daga ciki ya riƙa sakin baƙin ɓurɓushi. Kafin a haɗa bututu da kafireta akan zuba sabon mai a bar shi ya zuba cikin kwalba har sai ya fito garau.

Wanke kafireta

Akan rufe makulli, a cire bututun mai da na iska da sandunan totur da cok, sannan a kwance notunan da suka riƙe kafireta. Ɗaukar hoto da waya a kowane mataki yana taimakawa wajen mayarwa. Akan wanke bayanta kafin a buɗe don kada dattin waje ya shiga.

Kafin a cire notunan saiti, akan murɗa kowanne ciki a hankali har ya taɓa mazauninsa, ana ƙirga zagaye, a rubuta. Wannan lissafi shi ne za a koma masa wajen mayarwa. Ba a ɗaure su da ƙarfi, domin bakinsu mai tsini yakan lalace.

Sai a raba kofi da gangar jiki, a zare ɗan ƙarfen da ke riƙe fulot, a cire fulot da allura da mazauninta, a kwance jet-jet da bututun feshi. Jet na tagulla ne, mai laushi, kuma sukundireban da bai yi daidai ba yakan cinye kansa. Kafiretar Marvel-Schebler ta tsofaffin Ford ta baƙin ƙarfe ce, don haka akan tarar da jar tsatsa a kofinta. Ta ƙananan injina kuwa ta alminiyam ce ko tutiya, inda ruwa ke barin wani farin gari.

Sassan ƙarfe akan jiƙa su cikin ruwan wankin kafireta, amma ba a jiƙa roba ko gasket. Bayan an tsame su, akan fesa man wanki cikin kowane rami, a tabbatar ya fito ta ɗaya gefen, sannan a bi da iska. Ramin da feshi bai fito ta ko'ina ba, a toshe yake. Akan ɗaga jet a duba shi a hasken rana, ya kamata a ga rami zagayayye mai tsabta. Idan danƙo ya ƙi fita, akan yi amfani da silin buroshi na roba ko siririyar wayar jan ƙarfe mai laushi. Wasu wuraren gyara suna da na'urar wanki da ke girgiza ruwa da sauti, wadda ke kaiwa lungunan da hannu ba ya kaiwa.

Fulot na tagulla akan girgiza shi kusa da kunne. Idan aka ji motsin ruwa a ciki, ya huje. Ana kuma iya nutsa shi cikin ruwan zafi, inda kumfa zai fito ta wurin hujin. Allurar da bakinta ya yi zobe saboda gogayya canja ta ake yi tare da mazauninta. Idan sandar faifan totur tana girgiɗi a raminta, iska za ta riƙa shiga ta nan, kuma wanki ba ya maganin wannan.

Mayarwa da saiti

Ana mayar da kafireta da sababbin gasket. Kafin a rufe kofi akan auna tsayin fulot: a kifa gangar jikin, a auna tazara daga gasket zuwa fulot. A kafiretar Marvel-Schebler ta taraktocin Ford ɗin da aka ambata, tazarar kimanin kwata na inci ce, wato wajen milimita 6. Kowane samfuri yana da nasa ma'auni a littafin injin. Ba a busa iskar kwamfaresa cikin kafiretar da aka riga aka haɗa, domin tana iya lotsa fulot.

Bayan an ɗaura ta, akan buɗe mai a jira mintuna kaɗan a ga ko akwai yoyo, sannan a tayar da inji. Ba a yin saiti sai inji ya yi zafi. Akan fara da na silo, a murɗa kaɗan-kaɗan har inji ya daidaita, sannan na babban jet, wanda ake tabbatar da shi ta hanyar ba inji wuta farat ɗaya ko ɗora masa nauyi. Idan ya yi tari ya nemi mutuwa, mai ya yi kaɗan. Idan ya yi baƙin hayaƙi, ya yi yawa. A wasu kafiretoci notin silo iska yake sarrafawa, don haka murɗa shi ciki ƙara mai yake yi, ba ragewa ba.

A ƙarshe akan duba fulogi da baƙin mai. A ƙananan injina, kafiretar da ta yi ambaliya takan tura fetur har cikin baƙin mai. Idan ma'auninsa ya hau ko yana warin fetur, dole a juye shi, domin ya tsinke ba zai kare ƙarafan inji ba.

Kurakuran da aka fi yi

Babban kuskure shi ne wanke kafireta a mayar da ita ƙarƙashin tanki mai datti. Na biyu shi ne sokar jet da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe mai tauri, wanda ke faɗaɗa ramin har abada, inji ya koma shan mai fiye da ƙima. Na uku shi ne zuba sabon mai a kan gurɓatacce da fatan zai gyaru, alhali ruwan da ya kwanta a ƙasa yana nan. Akwai kuma sanya filtar takarda irin ta mota a tarakta marar famfon mai. An yi irin wannan filta ne don man da ake turawa da ƙarfi, kuma tana iya rage gudun man da nauyinsa kawai ke saukar da shi. Shafa gam a maimakon gasket shi ma yana jawo toshewa, saboda fetur yakan narkar da shi ya kai shi cikin jet.

Rigakafi

Akan sayi mai gwargwadon abin da za a ƙarar cikin 'yan makonni, a ajiye shi a rufaffiyar jarka a inuwa, a kuma tace shi da mazurari mai raga wajen zubawa. Ba a juye ɗigon ƙarshe na jarka ko duro cikin tanki. Akan rufe makullin mai duk lokacin da aka kashe inji, a riƙa leƙa kwalbar gilashi kafin a fita aiki.

Idan za a ajiye tarakta na watanni, hanya biyu ake bi. Ko dai a juye tanki gaba ɗaya, ko a cika shi da sabon mai a zuba maganin da ke hana mai lalacewa, don rage wurin da raɓa za ta taru. Kowace aka bi, akan rufe makulli a bar inji ya shanye man da ke cikin kafireta har ya mutu, sannan a kwance notin tsiyaya a fitar da sauran. Maganin yana kare sabon mai ne kawai, ba ya farfaɗo da wanda ya riga ya lalace.

Man da aka juye ba a zubar da shi a ƙasa ko kwata ko kusa da rijiya, domin kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawa. Ba a kuma zuba shi a fitila ko risho, ko a hura wuta da shi. A ƙasashen da ke da wuraren karɓar shara mai haɗari, can ake kai shi. Inda babu, akan ajiye shi a rufaffen mazubi mai alama, nesa da yara da wuta, har a miƙa shi ga masu tattara tsohon mai.